Haɗa Kwamfutar Aiki Mai Ƙarfi Da Hannunka Karo Na Farko: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa daga bakin masu tace fim, masu zanen gine-gine, da ɗaliban da kwamfutar cinya ta fara gaza musu. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. In kana sauri, kada ka tsallake amsoshin da suka shafi wutar lantarki da zafi, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara.

Mece ce kwamfutar aiki mai ƙarfi, kuma me ya bambanta ta da ta ofis ko ta wasan gem?

Ita ce kwamfutar tebur da aka haɗa don ta ɗauki aiki mai nauyi na sa'o'i masu yawa a jere ba tare da ta gaji ko ta yi kuskure ba: tace bidiyon 4K, fitar da zanen gini mai kama da hoto, lissafin injiniya, ko horar da ƙirƙirarriyar basira. Ta ofis ba ta da wannan ƙarfin. Ta wasan gem tana da ƙarfi, amma an gina ta ne don gudu na ɗan lokaci, kuma in ta tsaya cak, abin da aka rasa wasa ne. In taka ta tsaya a awa ta shida ta fitar da fim, ka rasa dare guda, ga kuma mai aiki yana jiranka da safe.

Ban taɓa buɗe cikin kwamfuta ba. Anya zan iya?

Za ka iya. Kusan kowane yanki an ƙera shi ya shiga wuri ɗaya, ta fuska ɗaya. Sukudireba mai bakin tauraro, tebur mai faɗi, haske, da yini guda da babu mai kiranka, su ne kayan aikin. Wahalar tana gabanin ranar haɗawa, wato wajen zaɓen kayan da suka dace da juna. Shi ya sa yawancin amsoshin nan suka tsaya a kan zaɓe.

Me zai hana in sayi wadda kamfani ya riga ya haɗa?

Babu laifi a ciki. Dell Precision, HP Z da Lenovo ThinkStation injina ne na ƙwarai, kuma ga ma'aikatar da ke son garanti a hannu ɗaya, su ne suka fi. Amma sau da yawa kamfanonin nan suna amfani da madabod (allon da kayan ciki ke zama a kansa) da fawa-fak (mai rarraba wuta) irin nasu na kansu, ta yadda in wani abu ya lalace sai ka nemo nasu, ba za ka shiga kasuwa ka ɗauko kowanne ba. Wanda ya haɗa da kansa yana zuba kuɗinsa a inda aikinsa ke buƙata, kuma ranar da wani abu ya samu matsala ya san inda zai duba. A garin da babu ofishin gyaran kamfani kusa, wannan sanin yana da daraja ƙwarai.

Waɗanne kaya zan tara?

Takwas ne na dole: furosesa mai yin lissafin kwamfutar, abin sanyaya shi, madabod wanda komai ke zama a kansa, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ke gudana), katin hoto, ma'ajiyar SSD, fawa-fak mai rarraba wuta, da akwatin da za a zuba su tare da fankokinsa. Sai allon kallo da madannai da linzami. Na ƙara na tara daga wajena: UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi wutar gari.

Da me zan fara zaɓe?

Ka fara da manhajar da kake cin abinci da ita. Rubuta sunanta a takarda kafin ka buɗe shafin kowane mai sayarwa, domin kowace manhaja da abin da take ci. AutoCAD, Revit da SolidWorks, a yawancin aikinsu na yau da kullum, cibiya ɗaya ta furosesa (wato ɗaya daga cikin sassansa masu yin lissafi) suke dogara da ita, don haka furosesa mai saurin cibiya ya fi musu mai tarin cibiyoyi. DaVinci Resolve da Blender sun fi jingina da katin hoto. Mai haɗa manyan manhajoji ko mai lissafin kimiyya shi ne yake cinye duk cibiyar da aka ba shi. Mai horar da ƙirƙirarriyar basira kuwa, ƙwaƙwalwar katin hoto ce iyakarsa.

Na sha ganin mai zanen gini ya kashe rabin kuɗinsa a furosesa mai cibiya 32, ya zauna yana kallon 31 suna barci. Abin yana yi mini ciwo, saboda kuɗin da ya tafi a banza da ya ishe shi sayen allo mai kyau da batir. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya: ka buɗe Task Manager na Windows a tsohuwar kwamfutarka lokacin da take nishi a kan aikinka, ka ga wane ne ya cika, furosesa ne, RAM ne, ko katin hoto. Wanda ya cika shi ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗinka.

Ryzen 9 ya isa, ko sai na kai ga Threadripper?

Duka biyun furosesa ne na kamfanin AMD. Ga yawancin masu haɗa ta farko, Ryzen 9 ya isa har ya yi saura. Ryzen 9 7950X na 2022 da 9950X na 2024 kowanne yana da cibiya 16, suna zama a soket (mazaunin furosesa a madabod) mai suna AM5, kuma kamfanin AMD ya ce zai ci gaba da fitar da furosesa na wannan soket har zuwa 2027 ko bayanta. Ke nan kana iya sauya furosesa nan gaba ba tare da ka jefar da madabod ba.

Threadripper wani gida ne daban. Jerin 7000 da ya fito a Nuwamba 2023 yana da 7960X mai cibiya 24, 7970X mai 32, da 7980X mai 64, duk a soket sTR5, kowanne yana jan wat 350. Amma yawan cibiya ba shi kaɗai ne dalilin sayensa ba. Babban dalilin shi ne faɗin hanya. AM5 yana ba ka layukan PCIe (hanyoyin da katuna da SSD ke bi su isa furosesa) guda 24 da za ka yi amfani da su kai tsaye daga furosesa: 16 na katin hoto, sauran na SSD guda biyu, shi ke nan. Threadripper a madabod TRX50 yana kai wa layuka 88 da hanyoyin RAM 4, inda AM5 ke da 2. Na PRO a madabod WRX90 yana da layuka 128 da hanyoyin RAM 8, kuma babbansu yana da cibiya 96.

Ka tambayi kanka abu uku. Zan sa katin hoto fiye da ɗaya? Ina buƙatar RAM fiye da 192GB? Akwai wasu katuna da zan ƙara, kamar na ɗaukar bidiyo ko na hanyar sadarwa mai gudun 10Gb? In duk amsar a'a ce, ka tsaya a AM5. Ka kuma sani cewa kuɗin Threadripper ba ya ƙarewa a furosesa: madabod ɗinsa, irin RAM ɗinsa, abin sanyaya shi da fawa-fak ɗinsa duk sun fi tsada.

Intel fa?

Yana nan, kuma ga masu tace bidiyo yana da wata baiwa: Quick Sync, wani sashe a cikin furosesa da ke warware bidiyon H.264 da H.265, har da nau'in H.265 mai 10-bit 4:2:2 da kyamarori da yawa na Sony da Canon ke ɗauka. Furosesan da sunansu ya ƙare da harafin F ba su da wannan sashen, a kiyaye. Core Ultra 9 285K na Oktoba 2024 yana da cibiya 24 a soket LGA1851.

Wanda zai sayi Core i9 ko i7 na ƙarni na 13 ko na 14, irin su 13900K da 14900K, ya san wannan: a 2024 Intel ya amince cewa wuta mai yawa tana lalata wasu daga cikinsu a hankali, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS (ƙaramar manhajar da ke cikin madabod), ya kuma ƙara shekara 2 a garanti. Gyaran yana hana sabuwar ɓarna, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Saboda haka ba na ba kowa shawarar sayen waɗannan na hannu.

RAM nawa zan sa, kuma in cika ramukansa huɗu na madabod duka?

Ga tace 4K da zanen gini, 64GB wuri ne mai kyau na farawa. 32GB zai yi aiki amma za ka ji ƙunci da wuri. Mai After Effects ko manyan zanuka ya duba 96GB ko 128GB.

A AM5 sandar RAM biyu sun fi huɗu. Wannan yana ba mutane mamaki, amma haka RAM nau'in DDR5 yake: a takardar AMD ta 7950X, sanda biyu suna gudun 5200, huɗu kuwa 3600. Don haka ka sayi biyu manya tun farko, misali 48GB sau biyu, ka sa su a ramukan da aka rubuta A2 da B2, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa. Ka saya a kwali ɗaya. Sandunan da aka saya a lokuta daban-daban, ko da sunansu ɗaya, suna iya ƙin jituwa. Gudun da aka fi samun kwanciyar hankali da shi a AM5 shi ne DDR5-6000, kuma ba zai kai hakan ba sai ka kunna saitin gudun RAM mai suna EXPO a BIOS, ko XMP in Intel ne. A Threadripper lissafin ya juya: can ana so ka cika kowace hanya, huɗu ko takwas, kuma RAM nau'in RDIMM kawai yake karɓa. RAM ɗin kwamfutar gida ba zai yi aiki a cikinsa ba.

Ana ta maganar ECC. Ina buƙatarsa?

ECC wata dabara ce da RAM ke gano ƙaramin kuskure ya gyara shi kafin ya shiga aikinka. In lissafinka yana kwana yana wuni, ko kuskuren lamba ɗaya zai ɓata sakamakon bincike, yana da amfani sosai. Mai tace fim zai rayu lafiya ba tare da shi ba. Abu ɗaya: kowane DDR5 yana da ɗan gyaran kuskure a cikin ƙwayoyinsa, kuma wasu masu sayarwa suna kiran wannan ECC. Ba shi ne cikakken ba. Cikakken sai sandar, furosesa da madabod duk sun goyi bayansa.

Wane katin hoto?

Ka fara duba yawan ƙwaƙwalwarsa kafin gudunsa. Katin da ba shi da gudu sosai zai gama aikin, ko da a makare. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta cika kuwa, ko dai ya tsaya ko ya koma tafiyar hawainiya. Ga 4K a Resolve, 16GB yana ba da sarari. RTX 4090 na 2022 yana da 24GB, RTX 5090 na Janairu 2025 yana da 32GB. Katunan ma'aikata sun wuce nan: RTX 6000 Ada yana da 48GB, a farashin da sai kamfani.

Ga masu ƙirƙirarriyar basira, ga misali: samfurin harshe mai ma'auni (parameters) biliyan 8 yana cin kusan 16GB in ba a matse shi ba, kusan 5GB in an matse shi zuwa 4-bit. Mai biliyan 70, ko an matse shi haka, yana neman kusan 40GB, ka ga ya fi ƙarfin kati ɗaya na gida. Yawancin kayan aikin wannan fanni an gina su a kan CUDA, tsarin da katunan NVIDIA ke amfani da shi, shi ya sa ake yawan komawa gare shi. Katunan Radeon na AMD suna ba da ƙwaƙwalwa mai yawa a kuɗi kaɗan, kuma suna aiki da Resolve da Blender, amma ka tabbatar manhajarka ta san da su kafin ka biya.

Ma'ajiya fa? SSD ɗaya babba ya isa?

Gara biyu: ɗaya na Windows da manhajoji, 1TB ko 2TB, ɗaya na aikin da ke hannu. SSD nau'in NVMe na PCIe 4.0 yana karanta kusan 7,000MB a daƙiƙa, na SATA kusan 550. Na PCIe 5.0 ya kusa ninka na 4.0, amma yana zafi sosai kuma a aikin yau da kullum da wuya ka ji bambanci. Tsofaffin ayyuka su koma babban hadis (hard disk) mai juyawa, ya fi araha.

Ko wane iri ka saya, wata rana zai mutu. Aikin mutane, musamman bidiyon biki da ba za a sake ɗauka ba, ya zama yana wuri uku, ɗaya daga ciki ba a ɗakin da kwamfutar take ba.

Fawa-fak mai wat nawa?

Ka haɗa lissafi. Ryzen 9 7950X yana kai wa wat 230 in ya ɗau zafi, RTX 4090 yana jan 450, sauran kaya ka ba su 100. Ka samu kusan 780, don haka mai wat 1000 ya dace. Threadripper mai 350 da RTX 5090 mai 575 sun riga sun kai 925 su biyu kaɗai, a nan sai mai 1300 zuwa 1600. Ka nemi mai shaidar 80 Plus Gold ko sama, mai tsarin ATX 3.1, daga kamfanin da ke ba da garanti mai tsawo. Ka duba jikinsa ka ga an rubuta 100 zuwa 240V, domin irin wannan ya fi jure wutar da ke raguwa. Araha ba ta ado, kuma a nan ta fi ko'ina haɗari: fawa-fak maras kyau in zai mutu yakan tafi da maƙwabtansa.

Manyan katunan NVIDIA suna amfani da wata waya mai baki 16. Bayan fitowar 4090 an samu rahotannin narkewar bakinta, kuma binciken NVIDIA ya danganta yawanci da rashin tura ta har ƙarshe. An sake fasalin bakin daga baya, ana kiransa 12V-2x6. Duk da haka ka tura ta har ka ji ƙas, ka haska fitila ka tabbatar babu ko siririn gibi, kuma kada ka lanƙwasa ta daf da bakin. Wani gargaɗin: wayoyin fawa-fak ɗaya ba a sa su a wani, ko da bakin ya shiga. Tsarin wayoyin ciki ya bambanta, kuma wannan kuskuren yana ƙone SSD da hadis nan take.

Wutar garinmu ba ta tsayawa. Yaya zan kare injin?

Wannan ce tambayar da bidiyoyin Turai da Amurka ba sa amsawa, domin ba ta dame su ba. A wajenmu kariyar wuta tana cikin kuɗin kwamfutar, ba abin da za a saya "in an samu hali" ba ne. Ɗaukewar wuta tana ɓata fayil ɗin da ake rubutawa. Dawowarta da ƙarfi, ko lokacin sauyawa zuwa janareta, shi ke ƙona kaya.

UPS ɗinka ya cika sharaɗi biyu. Na farko, ya zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin wadda masu sola ke kira fiyo sayin, domin fawa-fak na zamani yakan kashe kansa ko ya yi ƙara in aka ba shi ta ƙananan UPS masu araha. Na biyu, ka karanta wat, ka bar adadin VA da ake rubutawa a jikinsa. Mai 1500VA sau da yawa wat 900 zuwa 1000 yake iya ɗauka, ka ga da ƙyar ya riƙe injin Ryzen da muka lissafa a amsar fawa-fak tare da allonsa. In da hali, irin wanda ake kira onlayin ya fi, saboda kullum ta cikinsa wuta ke bi, babu ko ƙiftawa lokacin sauyi. Aikin UPS shi ne ya ba ka mintunan adana aiki ko tayar da janareta.

Mai son yin aiki a kan inbata ya yi wannan lissafin tun kafin ya sayi katin hoto. Injin da ke jan wat 700 na awa 8 ya ci 5.6kWh. Batir ɗin ruwa mai 12V da 200Ah yana ɗauke da 2.4kWh a rubuce, kuma rabi kawai ake so a sha in ana son ya daɗe, wato 1.2kWh. Bai kai awa biyu ba. Daga nan za ka gane ko batir nawa kake buƙata, ko kuma ka gane cewa kati mai ƙarancin cin wuta shi ne daidai da gidanka. Ka kuma kira mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa ta gaskiya. In ka taɓa akwatin ka ji yana ɗan cizo, babu ita ke nan.

Da zafin bazara, sanyaya ta iska ko ta ruwa?

Duka biyun iskar ɗakinka suke amfani da ita, babu wanda zai sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin. Gwaje-gwajen da kake gani a intanet yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 ake yin su. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura 40 a waje. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasu, ka ƙara shi a kan sakamakonsu. Sannan duk wat ɗin da injin ya ci, zafi yake komawa a cikin ɗakin. Injin wat 800 daidai yake da hita mai wat 800 a ƙarƙashin teburinka. Esi mai doki ɗaya yana kwashe zafin kusan wat 2,600, ka ga kwamfutar kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ra'ayina ga mai farawa: babban mai sanyaya na iska, irin Noctua NH-D15 ko makamancinsa. Abin da zai iya mutuwa a jikinsa fanka ce kawai, kuma ana samunta a ko'ina. Na ruwa mai 360mm ya fi ƙarfi kaɗan, amma yana da famfo, kuma ranar da famfon ya tsaya sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Threadripper yana buƙatar wanda aka yi musamman don sTR5, mai faffaɗan gindi da zai rufe furosesan duka. Kada hankalinka ya tashi in ka ga Ryzen 7000 a digiri 95 yana aiki mai nauyi, haka aka tsara shi. Amma in ka kunna Eco Mode mai wat 105 a BIOS, ka kuma rage iyakar wutar katin hoto zuwa kashi 80 cikin ɗari, zafi zai sauka sosai, gudun da za ka rasa kaɗan ne. A ƙasarmu wannan ciniki ne mai riba.

Ƙurar hunturu fa?

Ka sayi akwati mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, misali uku a gaba ɗaya a baya, domin iska ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta riƙa shiga ta nan. Kada ka ajiye injin a ƙasa. Lokacin hunturu ka duba matatar duk mako biyu. In za ka busa ciki da bulowa, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa.

Ta yaya zan tabbatar kayan za su dace da juna?

Shafin PCPartPicker yana kama yawancin kura-kurai na soket da irin RAM. Sauran sai da ma'auni. NH-D15 tsayinsa 165mm ne, ba kowane akwati ke rufuwa a kansa ba. RTX 4090 na NVIDIA kansa tsawonsa 304mm ne, na wasu kamfanoni ya wuce 350mm. Yawancin madabod ɗin Threadripper sun fi girman ATX na yau da kullum faɗi. Ka buɗe shafin madabod ɗinka ka karanta jerin furosesa da RAM da aka gwada da shi, ka kuma duba ko yana da maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. Tsohon madabod AM5 da ya daɗe a kanti yana iya ƙin tashi da Ryzen 9000 sai an sabunta shi, kuma wannan maɓallin ne zai cece ka.

A ina zan saya, kuma na hannu yana da lafiya?

Ana samun kaya a Computer Village da ke Ikeja, Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, amma manyan kaya irin Threadripper galibi sai an yi oda daga waje. Mai oda ya sa kuɗin jigila da na kwastan a lissafi, ya kuma tambayi yadda garanti zai yi aiki, domin mayar da madabod Amurka ko Dubai ba ƙaramin aiki ba ne. Ka sayi kayan kusa da juna. In ka ajiye madabod wata huɗu kana tara kuɗin furosesa, ranar da ka gano yana da matsala lokacin mayarwa ya wuce.

Akwati, mai sanyaya na iska da RAM na hannu ba su da haɗari sosai. Katin hoto sai an gwada a gabanka: a buɗe GPU-Z a tabbatar shi ne abin da aka ce, a ba shi aiki mai nauyi na minti 20 kana kallon zafinsa. SSD a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Madabod ka haska cikin soket ka ga ko akwai allurar da ta lanƙwashe. Fawa-fak kuwa sabo kawai.

Ranar haɗawa, me ke gaba da me?

Ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ka sa furosesa, RAM, SSD da mai sanyaya tun a waje. Furosesa ajiye shi ake yi, alwatikarsa ta dace da ta soket, ba a dannawa. Allurai 1,718 na AM5 a cikin soket suke, kuma ko yatsa bai kamata ya taɓa su ba. Threadripper yana zuwa cikin wani firam mai ruwan lemo wanda ba a cirewa, tare da makullinsa na musamman: a ɗaure 1, 2, 3, a kwance 3, 2, 1, kuma a ci gaba da murɗawa har makullin ya yi ƙara. In ba a ɗaure daidai ba, wasu ramukan RAM sukan ɓace. Ka cire ledar da ke gindin mai sanyaya kafin ka shafa man zafi, wato man da ake sawa tsakaninsa da furosesa. Ana mantawa da ita fiye da yadda kake zato.

A busasshiyar iskar hunturu jiki yana tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe, kuma tana iya lahanta kaya. Ka sa abin ɗaurawa a hannu, ko ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane yanki, ka kuma riƙe su ta gefe. Kafin ka zura madabod cikin akwati, ka ƙirga ƙusoshin da zai zauna a kansu su yi daidai da ramukansa. Guda ɗaya da ta tsaya a inda babu rami tana iya haɗa wuta ta ƙasa. Katin hoto shi ne na ƙarshe, kuma mai nauyi yana son abin tokare shi.

Na kunna, fankoki na juyawa, allo baƙi. Na lalata wani abu ne?

Da wuya. A tashin farko DDR5 yana gwada kansa, kuma da RAM mai yawa hakan yana ɗaukar mintuna, don haka ka ba shi minti 10 kafin ka taɓa komai. In shiru, ka duba ƙananan fitilun madabod masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. Abubuwan da aka fi samu: RAM bai zauna har ƙarshe ba, an manta wayar furosesa mai baki 8 da ke saman madabod, an sa wayar allo a madabod maimakon katin hoto, ko BIOS ya tsufa kamar yadda aka yi bayani a amsar dacewar kaya. Ka kashe wuta daga bango, ka bar sanda ɗaya ta RAM a A2, ka sake gwadawa.

Ta tashi. Sai in fara aikin mutane?

Ka ba ta kwana biyu tukuna. Sabunta BIOS, kana kan UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin yana iya kashe madabod. Kunna EXPO ko XMP, sannan ka bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM. Kuskure ko ɗaya ne ba a yarda da shi ba: ka rage gudun RAM ka sake, in ya ci gaba ka mayar da sandunan. Bayan nan ka sa Windows. Windows 11 Home ba ya ganin fiye da 128GB na RAM, mai fiye da haka sai Pro, wanda ke kai wa 2TB.

Sai ka buɗe HWiNFO a gefe don kallon zafi, ka kunna Cinebench na rabin awa, ka gwada furosesa da katin hoto tare da OCCT, kuma ka yi hakan da tsakar rana lokacin da ɗakin ya fi zafi. Gwaji na ƙarshe shi ne ka ɗauko aiki mafi nauyi da ka taɓa yi, ka ba ta ta fitar, kana tsaka da hakan ka zare filogin UPS daga bango ka ga ko zai riƙe ta. In UPS ɗin ya yi kuka ya mutu, ka koma amsar wutar gari ka sake lissafin wat kafin ka karɓi aikin kowa.